Ingancin Cinikin Gona a Aliero: Tsakanin Takardar Shaida da Dokar Ƙasa

Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero a shekarar 2006, darajar ƙasa ta sauya a garin. Gonar da a da ake auna ta da buhunan albasa, yanzu ana lissafa ta da yawan fulotan da za a yanka. Galibin cinikin kuwa a kan tsohon tsari yake tafiya: dillali, shaidu, da takardar da mai unguwa ko hakimi ya sa wa hannu. A fiƙihun Malikiyya, idan aka samu yardar juna, da farashi sananne, da abin sayarwa sananne, ciniki ya ƙullu.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta tsaya nan ba. Sashe na 1 ya damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Sashe na 21 ya shardanta amincewar ƙaramar hukuma kafin a miƙa haƙƙin mallaka na gargajiya, sashe na 22 ya shardanta yardar gwamna a kan haƙƙin da shi ya bayar, sashe na 26 kuma ya soke duk cinikin da ya saɓa. Mafi tsanani shi ne sashe na 36(5), wanda ya hana yanka tsofaffin gonakin karkara fuloti-fuloti ko miƙa su ga wani. Sashe na 315(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya kare wannan doka, ta yadda gyara ta sai an bi matakan gyaran tsarin mulki.

Nijeriya ba ta da kotun tsarin mulki ta musamman. Kotun Ƙoli ce ke da maganar ƙarshe. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo (1989), mutum ya jinginar da kadararsa ba da yardar gwamna ba, aka ci bashi, sannan ya dawo yana cewa jinginar ɓatacciya ce. Kotu ta ba shi gaskiya bisa lafazin doka, alhali neman yardar a wuyansa yake. Wannan hukunci ya buɗe ƙofar cin amana, domin mai sayarwa na iya karɓar kuɗi, in ƙasa ta yi tsada ya fake da sakacinsa. A shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe (1995) kotun ta sassauta, ta ce ƙulla yarjejeniya kafin samun yarda ba laifi ba ne, sai dai miƙa haƙƙin bai kammala ba sai yardar ta zo. Wannan ya fi kusa da adalci, amma amfaninsa kaɗan ne ga manomin da bai taɓa jin cewa akwai wata yarda da ake nema ba.

Akwai kuma batun hurumi. Sashe na 277 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. A shari'ar Magaji da Matari (2000), Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa rikicin mallakar ƙasa zalla ba ya cikinsu. Saboda haka gona ɗaya a Aliero, in magada ke jayayya a kan rabonta, ɗaukaka ƙararta na zuwa gaban ƙadi. In mai saye da mai sayarwa ne, sai Babbar Kotun Jiha. Wanda ya kuskure ƙofa, ko da ya yi nasara bayan shekaru, ana iya rushe hukuncin gaba ɗaya don rashin hurumi.