Kalmar "Cabin": Asalinta da Ma'anoninta

Akwai wata kalma ta Turanci wadda takan rikita 'yan makaranta a darasin karatu, watau "cabin". Yaro ya gan ta yau a labarin manomi, gobe ya gan ta a labarin jirgin ruwa, sai ya rasa inda zai kama. Don haka na ga ya kyautu mu bi sawunta, mu da za mu tsaya gaban aji ba da daɗewa ba.

Asalinta daga Latin ne, inda ake cewa "capanna". Wani babban malamin Kirista, Isidore na birnin Seville a ƙasar Sifen, wanda ya rasu a shekarar 636, ya rubuta cewa haka ƙauyawa ke kiran 'yar bukkar da masu gadin gonar inabi ke yi wa kansu. Ka ga daidai take da bukkar da manomanmu ke kafawa a gona lokacin da dawa ta nuna, don korar birai da tsuntsaye. Daga nan ta shiga Faransanci ta zama "cabane", Ingilishi kuma suka ara a ƙarni na 14.

Ma'anarta ta fari ita ce ƙaramin gida na talaka. A Amurka ana gina irinsa da gumagumai, a cikin irinsa ne aka haifi Shugaba Abraham Lincoln a 1809. Ta biyu ita ce ɗan ɗakin kwana a cikin jirgin ruwa. Da jirgin sama ya zo, sai aka ba wurin zaman fasinja sunan. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙanƙanta da keɓewa. Haka kuma "cabinet", wadda da can ɗan ɗakin ganawa ce. Da yake mashawartan Sarkin Ingila a irin wannan ɗaki suke taruwa a ƙarni na 17, sunan ɗakin ya koma kan mutanen, shi ya sa ake kiran majalisar ministoci da shi.

Kada mu zaci Turanci kaɗai ke wannan tafiya. Kalmarmu "bukka" ta je ƙasar Yarbawa ta zama "buka", watau rumfar sayar da abinci, har babban ƙamus na Oxford ya shigar da ita a 2020. Sunan garin nan namu ma, dattawa sun ce daga "kwanta gora" ya fito, umurnin da Umaru Nagwamatse ya ba mutanensa sa'ad da suka sauka a nan.

To, ga shawarata ga 'yan'uwana. In kalmar ta fito a littafi, kada malami ya ce wa yara "bukka" kurum ya wuce, domin ran da suka karanta labarin jirgi za su zaci bukkar ciyawa aka kafa bisa ruwa. A zana bukka da jirgi a kan allo, a tambaye su abin da ya haɗa su. Sa'an nan a sa su jera namu sunayen: bukka, rumfa, shago, zaure, soro, kowanne da aikinsa. Yaron da ya bambanta waɗannan da harshen uwarsa, na Bature ba zai gagare shi ba.