Darasi Na 14: Bututun Hayaƙi

Jama'a, darasinmu na yau a kan hayaƙi ne, da yadda za mu kore shi daga ɗakin girki.

Kowa ya shiga madafi a Fanisau, ko Rangaza, ko Kadawa, in ya ɗaga kai zai ga azara ta yi baƙi ƙirin. Wannan baƙin shi ne kunkunniya. To, mu tambayi kanmu. Hayaƙin da ya ɓata azara haka, me yake yi wa ƙirjin mai tuƙa tuwo? Me yake yi wa goyon da ke bayanta?

Yana kawo tari da ciwon ido. Yana sa wa yara ciwon huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A ƙasarmu ta Ungogo gonaki sun haɗe, daji ya ƙare, itace ya yi tsada. Mata da yawa da kara suke girki. Kara kuwa sarkin hayaƙi ne. Saboda haka maganar nan tamu ce.

Yadda bututu yake aiki

Duk mun san indararo. Ruwa gangara yake nema, sai muka ba shi hanya ya sauka daga soro. Shi kuwa hayaƙi sama yake nema, domin iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi. Bututu shi ne indararon hayaƙi. In yana da tsawo, kuma ya miƙe, zai riƙa zuƙo hayaƙi da kansa, ba mai yi masa fifita.

Kayan aiki

Muna bukatar bututun ƙarfe mai faɗin baki inci 4, da 'yar hularsa. Masu ƙera indararo da bokiti sun iya naɗa shi, ana kuma samun ƙarfe a kasuwar Ƙofar Ruwa. Sai tubali, da ƙasar gini da ramno, da waya, da manyan ƙusoshi, da tsani. Mu yi aikin da rani, bayan an gama kaka, don ƙasa ta bushe da kyau.

Yadda ake yi

1. Murhun duwatsu uku ba ya karɓar bututu, don hayaƙinsa ta ko'ina yake fita. Mu gina murhun ƙasa a jikin bango. Mu bar baki ɗaya na sa itace, da rami a sama inda tukunya za ta zauna daram. A bayansa mu bar kafa, ita ce hanyar hayaƙi.

2. Mu huda bango daidai wannan kafa. Hudar ta ɗan hau sama yayin da take fita waje. Kada mu bi da bututu ta cikin azara ko jinka.

3. A waje mu gina gindi da tubali, mai rami a ciki, tsawonsa zuwa ƙugu. A ƙasansa mu bar 'yar ƙofa, mu toshe ta da tubali guda. Ta nan za mu riƙa kwashe toka. Bututu a kan wannan gindi zai zauna, don kada harshen wuta ya riƙa lasar ƙarfe ya cinye shi da wuri.

4. In bututun guntu-guntu ne, mu cusa na sama a cikin na ƙasa. Ku lura da wannan. Akwai wani baƙin ruwa mai kama da kwalta da yake tsatsafowa daga hayaƙi. In mun haɗa haka, ta ciki zai gangara, ba ta waje ba.

5. Mu tsai da bututu sak. Mu ɗaura dutse a igiya mu saki a gefensa, mu ga ko ya karkace. Mu kafa ƙusoshi a bango, mu ɗaure shi da waya. Kansa ya ɗara rufin ɗaki da ƙafa 3.

6. Mu kewaye shi da ginin ƙasa har zuwa kan bango. Ƙasa tana tsare hannun yara daga ƙuna, tana kuma riƙe zafi don hayaƙi ya hau da sauri. Shi kuwa ƙarfen da ke ciki, ko gini ya tsage, ba zai bar hayaƙi ya ɓulla ba.

7. Mu ɗora masa hula kamar malafa, don ruwan damina. Mu bar sarari kamar yatsu 4 tsakanin hula da bakin bututu.

8. Mu bar gini ya sha iska kwana 7. Sa'an nan mu ɗora tukunya, mu kunna kara kaɗan, mu duba. Inda muka ga hayaƙi yana tsirtowa, mu liƙe da ƙasa.

Hattara

Bututu yana zafi ƙwarai. Tsakanin tsiraicin ƙarfe da duk abin da wuta ke ci, ko azara, ko zana, ko jinka, ko tarin kara, a bar inci 18, wato kamu guda. In ɗakin na jinka ne, mu kira magini ya duba kafin mu fara. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Kada mu toshe taga don mun sami bututu. Sai iska ta shigo hayaƙi yake fita. Kada kuma mu kwashe garwashi mu shiga da shi ɗakin kwana mu rufe ƙofa da hunturu. Yana fid da wata iska mai guba, ba launi, ba wari, tana kashe mutum cikin barci.

Kunkunniya takan taru a cikin bututu, in ta yi yawa takan kama da wuta. Kowane wata, ran da murhu ya huce, mu cire hula, mu ɗaura tsumma a kan gora mu zura, mu kwashe abin da ya zubo ta 'yar ƙofar nan. Mu riƙa sa busasshen itace, ɗanye shi ke cika bututu da datti.

Maigida, kai ne ba ka shiga madafi, amma kai ne mai sayen magani. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya fara yin nasa ya gayyace mu, mu je da 'yan aji duka mu gani. Gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Me ya sa hayaƙi yake hawa sama?
2. Inci nawa za a bari tsakanin bututu da azara?
3. Wane guntu ake cusawa cikin wani, na sama ko na ƙasa? Don me?
4. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku: hayaƙi, bututu, murhu, ƙarfe, kunkunniya.