Darasin Kimiyya: Wa Ke Ɗaukar Kaya a Ƙafar Bayan A-kori-kura?

Ɗalibai, darasinmu na yau a ƙarƙashin mota yake. Za mu duba aksil na baya, dogon ƙarfen nan mai ƙullutu a tsakiya wanda ya haɗa tayoyin baya, a manyan motocin a-kori-kura da kamfanonin Amurka ke ƙerawa don jan tirela da dakon kaya masu nauyi: Ford F-250 da F-350, Chevrolet Silverado 2500 da 3500, Ram 2500 da 3500. Kowaccensu tana da ƙanwa, irin su F-150 da masu lamba 1500, wadda in kun gan su a jere da ƙyar ku bambance. Bambancin na gaske yana ƙasa. Ku riƙe tambaya ɗaya har mu tashi: in an yi wa mota lodi, wane ƙarfe ne ke ɗauke da nauyin?

Abin da ke cikin ƙullutun

Inji yana juya farfela, farfela ta bi tsawon mota zuwa baya, ta ƙare da wata ƙaramar giya da ake kira finiyan. Finiyan tana cizon wata babbar giya mai siffar zobe, wadda makanikai ke kira kirawun. Aikinsu biyu ne. Suna karya juyin ya koma gefe zuwa tayoyi, kuma suna rage gudu su ninka ƙarfin murɗa. In kirawun yana da haƙora 41, finiyan tana da 10, sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. In haƙoran finiyan 11 ne, lissafin ya zama 3.73. Waɗannan su ne lambobin da za ku ji masu irin motocin nan suna ambata. Mai 4.10 ta fi jan kaya, mai 3.73 ta fi sauƙin shan mai a doguwar hanya.

A cikin kirawun akwai wasu ƙananan giyoyi da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu. Dalilinsu kwana. Motar da tazarar tayoyinta ta kai mita 1.7, in ta yi juyin komawa inda ta fito, tayar waje sai ta fi ta ciki tafiya da fiye da mita 5. Ba don giyoyin rabon nan ba, da taya ɗaya jan ta za a yi a ƙasa. Daga nan sanduna biyu na ƙarfe, wato shaf, suke fita ta cikin bututun aksil, ɗaya dama ɗaya hagu, su kai ƙarfin ga tayoyi. A kan shaf ɗin nan za mu daɗe.

Ɗaurarren shaf da sakakken shaf

A ƙananan motocin, ƙarshen shaf na waje yana da faifai, kuma a jikin faifan ake ɗaure taya da notuna. Boris guda ɗaya ne a bakin bututu yake tallafe shaf ɗin. To ku bi nauyin kaya da ido: daga bodi ya sauka kan sifirin, daga sifirin ya hau bututu, daga bututu ya shiga boris, daga boris ya hau shaf, sannan ya isa taya. Ashe shaf yana aiki biyu, yana murɗa taya kuma yana ɗauke da mota. Za mu kira wannan tsari mai ɗaurarren shaf.

A manyan kuwa, bututun aksil kansa ne aka zarce da shi ya shiga cikin tsakiyar taya. An zura masa hob a kan manyan boris guda biyu masu siffar mazurari, ɗaya yana fuskantar ɗaya, taya kuma a jikin hob take. Nauyi ya taso daga sifirin zuwa bututu, zuwa boris, zuwa hob, zuwa taya. Bai taɓa shaf ba ko kaɗan. Shaf ya ratsa ta cikin bututu kawai, ya leƙo waje, aka ɗaure bakinsa a fuskar hob don ya juya shi. Wannan shi ne mai sakakken shaf. Kuna iya gane shi daga nesa: za ku ga wani kan ƙarfe ya ɓullo a tsakiyar tayar baya, da notuna kewaye da shi. Makaniki zai iya kwance notunan nan ya zare shaf gaba ɗaya, mota tana tsaye a kan tayoyinta, ko jak bai sa ba.

Me ya sa raba aikin ya zama babban abu haka? Kowa ya ɗauki guntuwar wayar da na raba muku. Ku ja ta da iya ƙarfinku. Ba ta tsinke ba. Yanzu ku lanƙwasa ta gaba, ku mayar baya, ku yi ta yi. Ga shi ta karye, alhali ƙarfin da kuka sa bai kai na ɗazu ba. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe. Ɗaurarren shaf yana ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin kaya, lanƙwasar da ido ba ya gani, kuma yana juyawa a lanƙwashe. Gefen da ake ja yanzu, bayan rabin juyi shi ake matsewa. Tayar da kewayenta ya kai mita 2.5 tana juyawa sau 400 a kowace kilomita, saboda haka tafiyar kilomita 250 kaɗai ja da matsi ne sau 100,000. In akwai ɗan tsagi a fatar ƙarfen, ko na tsatsa ko na bugun guduma wajen cire boris, daga nan tsaga take farawa, ta riƙa ci a hankali.

Da jirgin ƙasa aka fara koyon wannan, kuma da tsada aka koya. A watan Mayu na 1842 aksil na kan jirgi ya karye a hanyar Versailles zuwa Faris a Faransa, mutane fiye da 50 suka mutu. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi yana ƙirga juyinsu har su karye. Ya gano cewa yawan maimaici ne ke kashe ƙarfe, kuma in nauyin bai wuce wani mizani ba, ƙarfen yakan jure juyi miliyoyi. Masu ƙera mota suna auna ɗaurarren shaf ya zauna ƙasa da mizanin nan. Lodin da ya wuce ƙa'ida shi ke tsallakar da shi. Shi ya sa shaf ba lallai ya karye ranar da aka yi masa mugun lodi ba. Yakan bari sai wata rana, wataƙila ma motar ba kaya, direba ya yi ta mamaki.

Ƙarshen labarin ma ba ɗaya ba ne. In sakakken shaf ya karye, mota ta daina ja, amma taya tana nan a kan boris ɗinta. In ɗaurarre ya karye kusa da faifai, taya tana iya ficewa. A wasu ƙirar, irin Ford 8.8, wata 'yar sakata mai siffar C ce a can cikin ƙullutu take riƙe shaf, don haka in ya karye a tsakiya, taya da ragowar shaf sukan zamo waje tare.

Wannan bambanci yana nan a motocin da kuka sani. Toyota Hilux ɗaurarren shaf gare ta. Land Cruiser 79, wadda ake ji da ita a hanyoyin Sahara, sakakke gare ta. Kada ku ɗauka ɗaurarre aibi ne. Ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, kuma yana yin shekaru lafiya in an tsaya a iyakarsa.

Kauri da faɗi

Juriyar sanda ga murɗa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinta. Tana bin kaurin ne in an ninka shi da kansa sau uku. Ku ninka kauri biyu, juriya ta ninku takwas. Mu gwada da shaf mai milimita 33 da mai milimita 38. Raba 38 da 33 ya ba da 1.15, kuma 1.15 sau 1.15 sau 1.15 ya ba da kusan 1.52. Ƙarin milimita 5, wanda bai kai kaurin fensir ba, ya ƙara juriya da fiye da rabi. Shaf na manyan aksil da yawa inci 1.5 ne, wato milimita 38 ɗin nan.

Kirawun kuwa da faɗinsa ake auna shi, kuma sau da yawa faɗin ne sunan aksil ɗin. Dana 60 yana da inci 9.75, Dana 70 inci 10.5, Dana 80 inci 11.25. Ford yana da nasa mai suna Sterling, inci 10.25, wanda aka faɗaɗa zuwa 10.5 a 1999. Kamfanin AAM na Detroit yana yin mai inci 11.5. Amfanin faɗi lissafi ne mai sauƙi: ƙarfin da ke danna haƙori shi ne ƙarfin murɗa a raba da nisan haƙorin daga tsakiya. In ana son nuton-mita 10,000, haƙorin kirawun mai inci 8.8 zai sha kusan nuton 89,000, na mai inci 11.5 kuma kusan 68,000. Ga shi kuma haƙoran babban sun fi kauri.

Akwai wata dabara da nake so ku lura da ita. In finiyan ta ciji kirawun da ƙarfi, sukan ture juna, haƙora su koma haɗuwa a baki-baki, su gutsure. Aksil na General Motors mai inci 10.5, wanda ya fito a 1973 kuma ake kiransa mai noti 14 saboda notunan murfinsa, an sa wa finiyansa boris na uku a can kan hancinta, ta zama a tallafe gaba da baya. A ganina wannan ƙaramin boris yana cikin abin da ya sa har yau ake neman tsofaffinsa a kasuwar kayan gyara. Sai dai ƙirga noti yana yaudara, domin kamfanin ya yi wani mai noti 14 ɗin, amma inci 9.5, kuma ɗaurarren shaf gare shi.

Injuna ne suka tilasta girman nan. A 1989 da Dodge ya fara sa injin dizal na Cummins a a-kori-kurarsa, ƙarfin murɗarsa kusan nuton-mita 540 ne. A 2019 na magajiyarta Ram 3500 ya kai kusan 1,350. A tsakanin nan aksil ya tashi daga Dana 70 zuwa Dana 80, sannan a 2003 aka koma na AAM.

Taya ce ke yanke hukunci

Mu bi ƙarfin daga inji. A ce 1,350 ne, giya ta ɗaya ta ninka shi sau 4 don sauƙin lissafi, ya zama 5,400. Aksil mai 4.10 ya mai da shi 22,140, kowane shaf ya sami kusan 11,000. Amma shaf ba zai sha murɗar da ta wuce abin da taya za ta iya riƙewa a ƙasa ba. Tayar da ke ɗauke da kilo 1,500 tana danna ƙasa da kusan nuton 15,000. A busasshiyar kwalta takan riƙe kusan kashi 8 cikin 10 na wannan, wato 12,000. In daga tsakiyarta zuwa ƙasa mita 0.4 ne, murɗar ta tsaya a 4,800. Daga nan sai taya ta sulɓe, shaf ya tsira.

Yanzu ku ƙara lodi har tayar ta ɗauki kilo 2,500. Iyakar ta koma 8,000. Kun ga lodi ya cuci ɗaurarren shaf ta fuska biyu: ya ƙara masa lanƙwasa, ya kuma hana taya sulɓewa. Manyan tayoyin gayu ma haka suke yi, domin suna tsawaita nisan nan na mita 0.4. Mafi muni shi ne tayar da ke ta juyi cikin laka ko yashi, direba ya take totur, kwatsam ta kama dutse. Fizgar lokaci guda ce ke tsinka shaf, galibi daidai bakin tsagoginsa na ciki, inda ya shiga giyoyin rabo.

A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ke faɗin iyakar nauyin da kowane aksil zai ɗauka. Lambar ba ta aksil kaɗai ba ce, ta mafi rauni ce tsakanin aksil da sifirin da wili da taya, kuma sau da yawa taya ce. Tayar LT265/75R16 mai lambar nauyi 123 iyakarta kilo 1,550, biyu kilo 3,100 ke nan, komai ƙarfin aksil. Dalilin da ya sa ake yi wa wasu masu lamba 3500 tayoyi huɗu a baya ke nan. Wannan kuma ya kawo mu kan al'adar ƙara ganyen sifirin a gareji. Ƙarin ganye yana hana mota durƙusawa, ta yi kyan gani da lodi. Bai ƙara wa shaf kauri ba, bai ƙara boris ba. Durƙuson da yake gargaɗin direba kawai aka kawar.

Kada a manta da mai. Finiyan tana shiga kirawun ne ƙasa da tsakiyarsa, saboda haka haƙoransu goga juna suke yi, ba birgima kaɗai ba, kuma gogayya zafi take haifarwa. Man giya mai alamar GL-5 ake zuba musu, irin 80W-90, ko 75W-140 ga motar da ke jan kaya in kamfani ya ce haka. Man inji ba ya tsaya musu.

Aikin gida

Wata a-kori-kura tana da mita 4 tsakanin aksil na gaba da na baya. An ɗora buhuna masu nauyin kilo 500 a kan ƙofar bodi, mita 1 bayan aksil na baya. Ku ɗauki aksil na gaba a matsayin madogara, ku lissafa nauyin da ya ƙaru a aksil na baya, da abin da ya faru da tayoyin gaba. Amsar ta fi 500. In kun same ta, ku rubuta mini dalilin da ya sa ake kafa maƙalar manyan tireloli a cikin bodi, daidai saman aksil, maimakon a bamba. Zan karɓa ranar Litinin.