Maciji Mai Kama da Tana

Idan damina ta sauka, manomi a ƙasar Malumfashi yana huɗar gonar dawa ko ta auduga, wani lokaci garma takan tono wani abu siriri mai sheƙi. Sai a ce tana ce. To, duba da kyau. Tana ba ta da ƙashi, ba ta da harshe. Wannan kuwa yana fid da harshe. Maciji ne.

Idanunsa 'yan ɗigo ne kawai, haske da duhu kaɗai suke bambantawa. Wutsiyarsa gundul take kamar kansa, shi ya sa wasu ke tsammanin kai biyu gare shi. Ba shi da dafi. Abincinsa gara da tururuwa da ƙwansu.

Manyan danginsa a ƙasarmu biyu ne. Akwai masu ɗan kauri, akwai sirara kamar zare. 'Yan'uwansu suna ƙasashe masu zafi, Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu. Babu su a Ingila. Wani na tsibirin Barbados tsawonsa inci 4 ne kacal. Akwai kuma wani iri da ya fito daga wajen Indiya, ya bazu cikin duniya a ƙasar tukwanen shuka. Abin mamaki, dukkansu mata ne, suna yin ƙwai ba namiji.

Amma kada ka ɗauke shi da hannu. Akwai wani baƙin maciji mai dafi, shi ma a cikin ƙasa yake, sun yi kama ƙwarai. Ko an riƙe shi a wuya, yakan yi sara ta gefe. Sa sanda ka kau da shi gefen kunya, ka ci gaba da aikinka.