Yadda Ake Zaɓen Hanyar Bibiyar Tangarɗa a Ƙaramin Gwajin Manhaja

Idan manhaja ta kusa kammaluwa, akan miƙa ta ga mutane kaɗan su yi aiki da ita kafin a sake ta ga jama'a. Wannan zango shi masu sana'ar ke kira gwajin beta. A ce mutum uku ne suka haɗa manhajar rubuta ciniki da bashi ta masu shago, suka samo mutum ashirin da za su gwada musu. Tun ranar farko ƙorafi zai fara shigowa: wannan ya ce ta ɗauke a hannunsa, wancan ya ce lissafi bai fito daidai ba. Dole a yanke inda ƙorafin zai riƙa sauka, da wanda zai riƙe shi har a gyara, tun kafin a raba manhajar.

Ana farawa da duban masu gwajin. Idan 'yan'uwa masu rubuta manhaja ne, aiki ya zo da sauƙi: a buɗe musu sashen Issues na GitHub, wanda yake nan tun 2009, su rubuta da kansu. Amma mai shagon da kwastomomi suka yi wa layi ba zai tsaya buɗe asusu a wani shafin da bai taɓa jin sunansa ba. Saƙon murya zai turo ta WhatsApp, ko ya yi shiru ya goge manhajar, kuma shirun nan ya fi komai tsada. Saboda haka a raba abu biyu da mutane kan cakuɗa: ƙofar da ƙorafi ke shigowa, da littafin da ake ajiye shi. Ƙofa za ta iya zama biyu ko uku, gwargwadon abin da ya fi wa masu gwaji sauƙi. Littafi kuwa ɗaya tak ake so.

WhatsApp ƙofa ce mai kyau, amma ba ya riƙe amana. Ƙorafin safe kan nutse ƙarƙashin gaisuwa da barka da Juma'a kafin azahar, kuma neman magana a cikin tarin saƙonnin murya wahala ce. Idan da shi za a yi aiki, a naɗa mutum ɗaya wanda kullum da yamma zai saurari abin da aka turo ya kwashe shi zuwa littafi. Wanda ya fi son tsari sai ya haɗa ɗan fom a Google Forms, amsoshin su riƙa zuba kai tsaye cikin jadawalin Google Sheets. Kada tambayoyin su wuce biyar ko shida. Dogon fom ba ya samun mai cikawa.

Wata ƙofar tana zuwa tare da hanyar rabon manhajar. A iPhone, TestFlight na Apple na barin mai gwaji ya ɗauki hoton allo ya tura da bayani, samfurin wayarsa kuma ya biyo saƙon. Kowane zubi na manhajar yana aiki kwana 90 ne ya daina. A Android akwai rufaffen gwaji na Google Play, inda masu gwaji ke iya aiko da ra'ayi a asirce. A nan akwai ƙa'idar da ta shafi jadawalin aiki: wanda ya buɗe asusun kansa na mai manhaja bayan 13 ga Nuwamba 2023 sai ya tara masu gwaji sun zauna kwana 14 a jere kafin a ba shi damar fitar da manhaja. Da farko mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Ke nan mako biyu ne mafi ƙarancin lokacin da tsarin bibiyar zai ɗauka.

Kafin zubin farko ya fita, a dasa na'urar kama faɗuwa a cikin manhajar, Crashlytics na Firebase ko Sentry. Duk sanda manhaja ta ɗauke, su za su aiko da layin da ta faɗi da irin wayar, ko da mai gwajin bai ce uffan ba. Sai dai faɗuwa kawai da kurakuran da injin ya gane suke gani. Idan manhaja ta rubuta wa mutum bashin dubu biyar a maimakon dubu hamsin ba tare da ta ɗauke ba, ɗan Adam ne kaɗai zai lura. A kuma gaya wa masu gwaji abin da ake tattarawa daga wayoyinsu, a roƙe su su rufe sunayen kwastomomi da lambobinsu a hoton allo, domin sirrin bashin mutane ba abin yawo ba ne.

Yanzu sai littafin. Jadawalin Sheets ya ishi mutum uku a gwajin mako biyu: layi ɗaya, tangarɗa ɗaya. Rauninsa shi ne ba shi da wurin tattaunawa mai kyau, hotuna kuma ba sa zama a cikinsa da daɗi. Trello, wanda ya fito a 2011, yana nuna kowace tangarɗa a matsayin kati da ake ja daga wannan rukuni zuwa wancan, ya dace idan a cikin tawagar akwai wanda ba ya rubuta manhaja. Jira na kamfanin Atlassian na Ostareliya, tun 2002 ake aiki da shi, kyauta ne har mutum goma, amma an gina shi don manyan tawagogi. Saita shi kaɗai zai cinye kwanakin da ya kamata a yi gyara. Bugzilla na 1998 kuwa sai an nema masa sabar da zai zauna. A ganina, idan rubutun manhajar yana GitHub, a tsaya a Issues ɗinsa kawai, domin ƙorafi da gyara suna wuri guda. Idan ba ya can, jadawali ya wadatar.

Abin da ake rubutawa a ciki ya fi kayan aikin muhimmanci, kuma nan ne ya cancanci a daɗe. A shekarar 2000 Joel Spolsky ya taƙaita rahoto mai kyau a abu uku: matakan da za a bi a sake ganin matsalar, abin da aka sa ran gani, da abin da aka gani. "Rasit ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Rahoto shi ne: na shigar da kwastoma mai suna Ɗanladi, na danna buga rasit, na sa ran sunan ya fito cikakke, sai alamar tambaya ta fito a gurbin Ɗ. Da wannan mai gyara ya san inda zai dosa, wato yadda haruffa masu lanƙwasa ke isa ga firinta. A ƙara da lambar zubin manhajar, samfurin waya, zubin Android, da ko akwai sabis a lokacin. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai gwaji da Tecno ko Infinix ko Itel a cikin kasuwa, inda data ke zuwa tana ɗaukewa, wayar kuma na iya kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir. Mai gwaji ba zai kawo duk wannan da kansa ba. Mai kwashe ƙorafi ne zai kira shi: "Alhaji, don Allah me ka danna kafin ta ɗauke?"

Kowace safiya tawagar ta zauna minti goma ta tace sababbin rahotanni. Tangarɗar da ke ɓatar da bayanai ko lissafin kuɗi ita ce gaba da komai. Sai wadda ke hana wani aiki amma akwai hanyar kewayewa. Rubutun da ya karkace ko launin da bai yi ba su jira. Buƙatar sabon abu, irin "da ma a ƙara tura tunatarwa ga mai bashi", a ba ta alamarta dabam, kada ta cunkushe layin gyara. Idan mutum huɗu suka kawo abu ɗaya, a haɗe su wuri guda tare da rubuta cewa huɗu ne. Kowace tangarɗa a ɗora mata sunan mutum ɗaya, don wadda aka bar wa kowa ba mai taɓa ta.

Ga kowace tangarɗa, mataki huɗu sun isa: sabuwa, ana gyara, jiran tabbaci, an rufe. Na ukun shi aka fi tsallakewa. GitHub na iya rufe tangarɗa da kansa da zarar gyaran da ya ambaci lambarta da kalmar rufewa ya shiga babban reshen rubutun manhajar, alhali ba wanda ya gwada a wayar da abin ya faru. A bar ta a jiran tabbaci, a tura wa wanda ya kawo ta sabon zubi, a ce masa an gyara abin da ya faɗa, ya duba. Wadda aka kasa maimaitawa ma kada a yi gaggawar rufe ta; a nemi bidiyon allo tukuna.

Ranar ƙarshe a bi abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya. Muddin akwai mai taɓa kuɗi ko bayanai a buɗe, a ɗage fitarwa a ƙara mako. Sauran a rubuta wa kowacce zubin da za a gyara ta, a kwashe su daga jadawali zuwa inda tawagar za ta ci gaba da aiki, sannan a tura wa masu gwajin jerin abubuwan da aka gyara ta dalilinsu.