Nasiha ga Malama Mai Koyar da Tarihin Mata a Firamare

'Yata malama, tunda an ba ki aji huɗu zuwa shida, ki sani yaran da ke gabanki sun kai shekarun tambaya. Ɗan shekara goma yana so ya ji dalilin abu, kuma yana gane lokacin da babba ke yi masa kwana-kwana. Saboda haka in za ki koya musu tarihin matan da suka gabata, kada ki jera musu sunaye a allo su hardace don jarrabawa. Ki nuna musu aikin da kowace mace ta yi, da yadda aka yi muka san ta yi shi.

Ki fara da abin da ke aljihunsu. Ki shigo aji da takardar naira ashirin, ki ba su su juya bayanta. Za su ga wata mata ta sunkuya tana gina tukunya. Da yawansu sun sha sayen alewa da wannan takarda ba su san Ladi Kwali ce ba, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wajen 'yar uwarta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko da aka ɗauka a can. Tukwanenta sun kai har Ingila da Amurka. In kin samu ɗan yumɓu, ki bar su su gwada murɗa shi su ɗora bango a kan bango ba tare da inji ba. Nan za su gane sana'ar hannu ilimi ce mai wuya.

Daga nan ki kai su Sakkwato wajen Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da zai fi kama zuciyar yara shi ne dabararta ta kai karatu ƙauye. Ta zaɓi dattijan mata masu natsuwa ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malfa da aka ɗaure da jan rawani, alamar an amince mata ta koyar. Jaji takan tattaro 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyensu, su zo su karɓi waƙoƙin wa'azi a wajen Nana, su koma su rera wa matan da ke kulle. Su ne 'Yan Taru. Ki tambayi ajinki: me ya sa ta zaɓi waƙa? Da kansu za su gano cewa macen da ba ta iya karatu ba tana iya riƙe waƙa tana daka.

Idan kin zo kan Sarauniya Amina ta Zazzau, sai ki yi hattara. Tarihin Kano ya ambace ta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo ta a Infaƙul Maisuri, amma masana sun saɓa kan ko a ƙarni na 15 ta yi zamani ko na 16. Ki faɗa wa yara haka a fili. Ki rarrabe musu abin da aka rubuta, da abin da aka ji a bakin kakanni, da abin da masu fim suka ƙara. Haka za ki yi da labarin Daurama da rijiyar Kusugu. Yaron da ya saba tambayar "wa ya faɗa?" tun yana firamare, da wuya jita-jitar waya ta yi awon gaba da shi in ya girma.

Kada ki tsaya kan gidan sarauta kawai. Ki ba su labarin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar NEPU, wadda ta sha ɗauri da duka saboda neman 'yancin talaka, a zamanin da matan Arewa ba sa jefa ƙuri'a. Sai a 1976 suka fara zaɓe. In kina da yara masu dangi a Nijar, ki ambaci Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899.

Darasin nan na maza ne da mata baki ɗaya. Kada ki mai da shi gasa ko gori, kada kuma ki bari wani yaro ya ce wannan karatun 'yan mata ne. Ki ba kowa aikin gida guda: ya je ya zauna da kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa, ya tambaye ta sana'ar da ta yi, da wanda ya koya mata, sannan ya rubuto shafi ɗaya da sunanta a sama. Za ki ji labarin ungozoma, da mai kaɗi, da mai ƙuli-ƙuli da ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta. Ki sa a karanta su a aji da girmamawa.

Ki yi haƙuri da yaran, ki riƙe gaskiya a duk abin da za ki faɗa musu. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a aikinki.