Lemun Tsami a Bokiti: Amsa ga Mai Sauraro daga Shira

Wata mai sauraronmu 'yar asalin Shira, wadda aiki ya kai ta Azare take zaune a gidan haya, ta tambaya ko za ta iya shuka lemo da kayan miya alhali ba ta da fili sai ɗan baranda.

To Malama, za ki iya, in dai barandar tana samun rana ta awa 6. Fara da lemun tsami, shi ya fi jure zaman bokiti. Nemi dashe mai aure wajen masu rainon itatuwa, domin yakan fara 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3, na ƙwallo kuwa sai ya kai 5 ko fiye. Samu bokitin fenti mai lita 20, ki wanke, ki huda gindinsa sosai. Ki haɗa ƙasa da yashi da takin awaki wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Abin da na fi jiye miki shi ne bazarar ƙasar Katagum, inda Azare take. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, roba ta ɗauki zafi ta dafa saiwa. Ki naɗe bokitin da buhun algarara, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ki yi ban ruwa da asuba. Don Allah kada ki zuba ruwan wanki.

Game da kayan miya, alayyahu a buhu sati 4 ya isa yanka. Tumatir da latas ki bari sai hunturu. Cikin ɗaki kuwa, alobera a bakin taga ta wadatar, ita sai ƙasarta ta bushe ake ba ta ruwa.